Wata huɗu ina koya wa kokatu sallama, kukan ƙyaure kaɗai ya ɗauka

Maman Sadiq (Mabera):
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Don Allah waɗanda sunka san kan aku ku taimake ni da shawara. Yayan maigidana da ke zaune Legas ya samu aiki ƙasar waje, sai ya bar muna tsuntsunai amana kahin shi dawo. Kokatu ake ce mishi, hwari tas da tukku rawaya, in ya ji motsi sai shi miƙe tukkun kamar an buɗe mahuci. Shekara tara yana hannun Yaya. Yara sun sa mishi suna Alli, don in ka shafa bayanai sai ka ga hwarin gari a hannunka.

Da kalma guda ya zo, "halo", sai wani fito da Yaya ke mishi. Ni burina shi iya sallama. Wata huɗu ke nan kullum da sahe ina aje waya kusa ga keji, na ɗauki muryata ina ta maimaita sallama, ta yi ta yi har awa guda ni kuma ina aikin gida. Ko "sa" bai ce ba. Amma kukan ƙyauren gidanmu ya ɗauke shi tsab, sau biyu ina sa hijabi in leƙa ina zaton baƙi. Kuma yana kiran "Sadiq!" da muryata, irin kiran da nike yi in raina ya ɓaci, alhali ba wanda ya koya mishi.

Ga ihu da asuba da gab da magariba, har maƙwabciyata ta yi min magana. Abin da ya hi tada min hankali, sati biyun ga ina sharo gashi ƙarƙashin keji, jiya na duba ƙirjinai na ga wuri kamar faɗin murhin kwalba ba gashi. Amana ce aka ba mu. Mi zan yi?

Ɗan Tantabara (Runjin Sambo):
Wa alaikumus salam Anti. Gaskiya in magana kike so ba irin wanga ake nema ba, aku kuturu ake nema, mai ruwan toka da jan wutsiya. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekara tara ai ya wuce makaranta. Na taɓa ji ana cewa sai an ɗan rage musu harshe, ko a ba su barkono bakin shi buɗe.

Likita (Arkilla):
Don Allah don Annabi kada a taɓa harshen tsuntsun nan. Ƙanena, na san abin da ka ji ka faɗa, amma wannan maganar ta kashe tsuntsaye da yawa. Aku ba shi da igiyoyin murya a maƙogwaro irin namu. Sautinsa daga can ƙasan bututun iska yake fitowa, daidai inda ya rabu biyu zai shiga huhu, sannan ya gyara shi da harshen nan nasa mai kauri da yadda yake buɗe baki. Da harshen yake juya ƙwaya ya ɓare ta. In an yanka, jini ne da ciwo da yunwa, ba magana. Barkono kuma ba ya jin zafinsa yadda muke ji, zai ci abinsa, ba abin da zai ƙara masa.

Hajiya, mu ajiye batun sallama tukuna, gashin nan ne gaba. Ki duba mini abu biyu. Gashin kansa da tukkunsa suna nan cif, ko su ma suna zuba? Sannan bakinsa, baƙi ne mai ƙyalli kamar an shafa mai, ko kuwa ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka?

Maman Sadiq (Mabera):
Likita na gode. Yanzun ga na duba. Tukku lahiya lau, kai ma haka. Ƙirji kaɗai na, da ɗan ƙarƙashin fiffike na hagu. Bakin kuma furu-furu shike.

Likita (Arkilla):
Alhamdu lillahi, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Akwai wata cuta ta ƙwayar bairos da ke kama dangin aku, ta fi yawa a kokatu, tana lalata gashi da baki. Mai ita yakan rasa farin garin nan da yaranki suka gani, sai bakin ya koma yana ƙyalli, kuma gashi ya zube har a wurin da baki ba ya kaiwa. Naki kuwa inda bakinsa ke kaiwa ne kaɗai ya sale, alama ce shi ke figar kansa. Duk da haka hoto da bayani ba sa maye gurbin gani da ido. Ki sa maigida ya kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba fatar da kashinsa.

Abin da ke sa su figar kai yana da yawa: kaɗaici, rabuwa da wanda suka shaƙu da shi, bushewar fata irin ta hunturun da muke fita, hayaƙi, rashin barci, abinci iri ɗaya. A ina kejin yake, kuma me yake ci?

Maman Sadiq (Mabera):
Yana ɗakin baƙi, don nan ne ba yara ba hayaniya, kuma ihun bai cika kai wa maƙwabta ba. Gyaɗa muke ba shi da gero, ya hi son gyaɗa. Da yamma ina sa turaren wuta ɗakin saboda ɗan warin keji.

Baba Mai Kanari (Ƙofar Rini):
Ɗiyata, ga ciwon nan kin hwaɗe shi da bakinki. Ni ban taɓa riƙon kokatu ba, amma na hi shekara arba'in ina kiwon kanari, kuma na riƙa tsirya da aku kuturu. Kin ɗauki tsuntsun da yas saba da mutum shekara tara, kin kai shi ɗakin da ba kowa, kin bar mishi waya tana magana ita ɗai. Wa za shi amsa wa? Kowane tsuntsu kukan gidansu shika yi, kuma gidansu shi na wurin da ya ga rai na motsi. Ƙyaure in ya yi kuka, mutum na shigowa. In kin ce "Sadiq!" yaro na rugowa da gudu. Ya ga waɗanga sautukan suna da aiki, shi as sa yad ɗauke su. Sallamar waya kuwa an yi ta sau dubu ba wanda yash shigo, ba wanda yat tashi. Gare shi daidai take da kukan fanka.

Mu ko ɗan kanari in muna son shi yi kuka mai kyau, kusa ga babban da ya iya muka rataye shi, shi ji shi gani. Ki hiddo kejin tsakar gida inuwa, inda aka tuwo aka hira.

Hajiya Mai Turare (Gawon Nama):
Baba maganarka dutse. Amma Likita na ga ka sa hayaƙi cikin jerin, kada a ɗora wa turare laifin da ba nashi ba. Mu da jarirai muke turara ɗaki, kaji da tantabaru na yawo cikin hayaƙin murhu tun kaka da kakanni, ba abin da ya same su.

Likita (Arkilla):
Hajiya, ba sana'arki nake taɓawa ba wallahi, gidana ma ba a rasa turare. Bambancin shi ne kaza tana tsakar gida, in hayaƙi ya dame ta sai ta matsa. Wannan yana cikin keji, cikin ɗaki a rufe. Kuma numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Bayan huhu suna da jakunkunan iska a cikin jiki, iskar tana bi ta huhun ta hanya ɗaya ba tsayawa, don haka abin da ke cikinta yana shiga jininsu fiye da yadda yake shiga namu. Baba zai ji daɗin wannan: masu haƙar kwal a Ingila da kanari suke shiga rami, in iska ta gurɓace shi ke fara faɗuwa kafin mutum ya ji komai, sai a 1986 suka daina. To turaren wuta, maganin sauro na hayaƙi da na fesawa, hayaƙin janareto, duk a nisanta su da shi. Har kaskon nan na zamani da ba ya kama abinci, in ya yi zafi ƙwarai a kan wuta tururinsa yana kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Warin keji kuma wanki ne maganinsa, a canza takardar ƙasa kullum.

Hajiya Mai Turare (Gawon Nama):
To na ji na ɗakin rufe. Amma a tsakar gida ban yarda ɗan ƙamshin da iska ta kwaso zai yi mishi komai ba.

Likita (Arkilla):
A nan ba mu da saɓani sosai Hajiya, in dai ba a ƙarƙashin kejin aka ajiye kaskon ba.

Abu Hanan:
Ni kam ku yi min haƙuri. Mutane na neman abin da za su sa bakin salati, mu muna nan muna muhawara kan tsuntsu ya ƙi sallama. Kuma ma wa ya ce a kama halittar Allah a kulle don nishaɗi? A buɗe mishi ya tafi abinsa, shi ne adalci.

Maman Sadiq (Mabera):
Malam Abu Hanan, ban saye shi ba, kuma ba ni da kuɗin sayen irinai. Amana ce ta hwaɗo hannuna. Ko akuya aka bar min zan tambayi yadda zan riƙe ta.

Ɗalibi (Dundaye):
Yaya Abu Hanan, sakin shi a Sakkwato kisa ne. Wannan ba tsuntsun Afirka ba ne sam. Dangin kokatu iri 21 ne, duk daga Ostireliya, Indunusiya, Niyu Gini, Filifin da tsibiran da ke kewaye. Mai tukku rawaya babba irin wanda Anti ta kwatanta na Ostireliya da Niyu Gini ne. Tsuntsun da ya yi shekara tara ana zuba mishi abinci a kwano bai san inda zai samu ruwa ba, fari ne fat ana hango shi daga nesa, in shaho bai ɗauke shi ba yara za su sauke shi da danƙo kafin la'asar.

Amma inda na tsaya tare da kai shi ne batun saye. Ostireliya ta daɗe da hana fitar da tsuntsayenta na daji. A Indunusiya kuwa akwai wani ƙaramin kokatu mai tukku rawaya da tarko ya kusa ƙarar da shi, a 2015 an kama sama da 20 a tashar jirgin ruwa ta Surabaya an cusa kowane cikin gorar ruwa ta roba. Aku kuturun da Ɗan Tantabara ya ambata ma, namu na dazukan kudu, a 2016 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa shi a rukuni na ɗaya, wato an hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Duk wanda ya karanta zancen nan ya ji sha'awar ya je ya sayo aku, ya fara tambayar daga ina aka samo shi.

Malam (Gidan Igwai):
Bismillah. Abu Hanan, Allah shi saka da alheri kan tausayi, amma mu sa komai a ma'auninsa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai sunka ɗauki halaccin riƙon tsuntsu. Sharaɗin kuwa yana cikin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wanda ya tsare rai, haƙƙin ran ya hau kansa. Kuma Allah ya ce a Suratul An'am aya ta 38 dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Tambayar baiwar Allah nan neman sauke haƙƙi ce, ba wasa ba ce.

Abu Hanan:
Allah shi gafarta Malam, na karɓa. Amma har yanzu zuciyata ba ta son ganin keji.

Malam (Gidan Igwai):
Wannan ba aibi ba ne, kada ka riƙa. Wadda aka ba amana kuma a taimake ta.

Malama (Gwiwa):
Maman Sadiq, bari in ɗora kan maganar Baba, don abin da ya gano da kanari masu bincike ma can suka dosa. Wata baturiyar Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi aku kuturu a wani shago a Chicago a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Ya san sunayen abubuwa wajen 50, launi bakwai, siffa biyar, yana faɗin adadi har shida. In an nuna masa abu biyu aka ce mene ne bambancinsu, yakan ce launi ko siffa.

Hanyar da ta bi ita ce abin da nake so ki ɗauka. Mutum biyu ke zama gaban tsuntsun. Ɗaya ya ɗaga abin da tsuntsun ke so, ya tambayi ɗayan mene ne wannan. In ya faɗa daidai a yabe shi a miƙa masa abin, tsuntsun na kallo. In ya yi kuskure a ɗauke abin. Sai su yi musanya, mai tambaya ya koma mai amsa. Tsuntsun yana ganin kalmar na da amfani, ga kuma kishi, don wani na cinye abin da yake so da kulawar da yake so. Daga baya sun gwada koyar da wasu akun da kaset da bidiyo, ba su ɗauki abin kirki ba sai da mutum ya zauna da su.

Ke ga ki ga Sadiq. Ki riƙe yankan kankana ki ce "Sadiq, mi ne wanga?" ya ce "kankana", ki ba shi. Minti biyar zuwa goma, safe da yamma, lokacin da dama bakinsa ke buɗe. Ni a aji na ga haka, yaron da aka yi ta nanata wa abu shi kaɗai yakan gaji, amma ya ga an yabi na kusa da shi sai ka ga hannu sama.

Ɗan Tantabara (Runjin Sambo):
Malama ai kin dawo kan maganata, Alex ɗin aku kuturu ne ba kokatu ba. Kuma ni har gobe ban yarda tsuntsu ya san abin da yake faɗi ba. Rikoda ce mai gashi.

Malama (Gwiwa):
Rabin maganarka gaskiya ne ƙanena. Kokatu bai kai aku kuturu yawan kalmomi da fitar harafi ba, muryarsa da kaushi, wasu kalma kaɗan suke tsayawa a kai, wasu ma ba sa magana har su mutu. Gara Maman Sadiq ta san haka tun yanzu. Amma rikoda ba ta zaɓen lokaci. Maman Sadiq, yaushe yake kiran Sadiq?

Maman Sadiq (Mabera):
Kin sa na yi tunani. Wallahi ya hi yi in ya ji muryar yaron ya dawo daga makaranta, ko in ya ji suna wasa waje. Da dare ko in gidan ba yara ban taɓa ji ba.

Malama (Gwiwa):
To ka ji. Ban ce ya san nahawu ba. Amma ya haɗa sautin da yaron, kuma yana kira ne don a zo. Batun shekaru kuma, dangin aku suna koyon sabon sauti har girmansu, ga shi nan ya koyi ƙyauren Mabera yana da shekara tara.

Ɗan Tantabara (Runjin Sambo):
Na ƙyaure kam ba ni da ta cewa. Amma sai na ji sallamar da kunnena.

Baba Mai Kanari (Ƙofar Rini):
Sallama ta yi mishi tsawo ga hwarin karatu. A hwara da gajera, "sannu" ko "zo". Kuma kowace kalma a yi ta wurin aikinta. In za ki buɗe zanen keji da sahe ki ce "ina kwana", kullum, murya ɗaya. Duk mai shigowa gida shi tsaya gaban keji shi yi sallama da ƙarhi, na ciki su amsa da ƙarhi. Kuma ki lura, kahin kalma ta hito za ki ji shina gunguni shi ɗai da rana, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Kada a katse shi, bita shika yi.

Batun ihu kuma, na asuba da na magariba ba ki hana shi, kiran 'yan uwa na, haka Allah yay yi su. Abin da ba a so, shi yi ihu ki rugo kina "kai, yi shiru!" Kin biya shi ke nan, gobe shi ƙara. In ya yi ihu ki ba shi baya. In ya yi fito ko ya ce "halo" ɗin nan tashi, ki amsa daga inda kike, ki zo. Da sannu za shi gane wace ƙohwa ka buɗewa.

Ummu Aiman:
Malam, tambaya. In ya iya sallamar, wajibi ne a amsa masa? Kuma ni da nawa ne Fatiha da Ƙulhuwallahu zan koya masa, ya fi albarka.

Malam (Gidan Igwai):
Sallama gaisuwa ce da addu'a daga mai nufi, tsuntsu kuwa ba mukallafi ba ne, don haka amsa masa ba ta zama wajibi. In an amsa don ya saba, ba komai. Alƙur'ani kuwa shawarata a bar shi. Zai yanke aya inda ba a yankewa, ya haɗa ta da kukan ƙyaure, yara su yi ta dariya, yana yi yana kashi a keji. Maganar Allah ta fi ƙarfin haka. Tsuntsu yana da nasa tasbihin da ba mu fahimta, ba ya buƙatar aron namu. Annabi Sulaiman (AS) da aka ba shi mu'ujiza, shi aka sanar da maganar tsuntsaye kamar yadda ya zo a Suratun Namli, ba su aka koya wa tasa ba.

Likita (Arkilla):
Saura abinci, Hajiya. Gyaɗa ta yi yawa. Mai ne da ita, kuma wadda ta sha damshi a ajiya takan yi fumfuna mai dafi ga hanta. Ki mayar da ita lada, ƙwaya ɗaya in ya yi abin kirki, mai kyau wadda ke ma za ki ci. Abincin yau da kullum a haɗa gero, dawa, masara, dafaffen wake, karas, ganyen zogale, gwanda, gwaiba, kankana, mangwaro in ya shigo. Abin da ba a ba shi ko kaɗan: fiya, cakulan, shayi, kofi, abu mai gishiri, albasa. Sai goro. Na nanata goro don na san tsofaffinmu da kyauta, sinadarin da ke hana mu barci a goro yana bugar da zuciyar tsuntsu.

Ki samo masa abin ɓarna. A daji yini suke suna tsaga itace da baki. Totuwar masara, kwali marar fenti, reshen zogale ko na gwaiba da ba a yi wa feshi ba. Ki naɗe gyaɗar a takarda ya sha wahala kafin ya samu. Bakin da ke da aiki ba ya komawa kan ƙirji. Wanka da abin fesa ruwa mai tsabta da hantsi, barci awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu. Ga zafi na tafe, kin san Afrilun Sakkwato yana haura digiri 40. In kin ga ya buɗe baki yana haki ya saki fukafukai, a kai shi wuri mai sanyi a fesa masa ruwa nan take. In akwai mai asma a gidan kuma a kula da garin jikinsa.

Ɗalibi (Dundaye):
Anti ki kula da sakatar kejin ma, suna da wayon buɗe abu. A birnin Sidni kokatu irin naki sun koyi ɗaga murfin kwandon shara, wasu na kallon wasu suna ɗauka har abin ya bazu unguwa-unguwa, an wallafa binciken a 2021. Kuma ku yi magana da Yaya kan tsawon zaman amanar. Wani kokatu mai suna Cookie a gidan namun daji na Brookfield a Amurka ya mutu a 2016 yana da shekara 83. Alli zai iya ganin jikokin Sadiq.

Wani abin da ya burge ni, tsuntsun nan ya daɗe da shiga hannun Musulmi. Sarkin Masar al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, ya aika wa Sarki Frederick na Biyu na Sisili kyautar farin kokatu, zanensa na nan har huɗu a littafin farauta da shaho na sarkin, tun ƙarni na 13. Ku duba nisan da fatake suka ɗauko shi.

Maman Sadiq (Mabera):
Shekara 83! Inna lillahi. Lalle yau sai Baban Sadiq ya kira Yaya. Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi bar zumunci. Zan dawo da labari in sha Allah.

Maman Sadiq (Mabera), bayan sati shida:
Assalamu alaikum. Na yi alkawarin dawowa. An kai shi asibiti, sun ce fatar ba ciwo. Mun maido kejin rumfar tsakar gida kusa ga inda surukata Inna ke shimfiɗa tabarma. Na daina waya, na daina turare kusa gare shi. Ƙirjin ya hwara tsiro, wasu 'yan tsinkaye hwarhwaru kamar ƙaya, ko da yake ranar da munka tahi biki Bodinga munka bar shi shi ɗai ya sake figar kaɗan. Ihun magariba na nan, na rana ya ragu sosai.

Mun yi na kankana ni da Sadiq kusan kullum. Yana kallo da ido guda, ya karkata kai, in na ba Sadiq sai ya miƙe tukku ya yi ta sintiri kan sanda. Kalmar ba ta hito ba tukuna, sai gungunin da Baba ya hwaɗi.

Amma ga abin da ya kawo ni. Inna na hwama da tari tun hunturu, kuma duk sanda ta yi, duk wanda ke kusa sai ya ce "sannu Inna". Ita ce ke yini da shi, tana tsintar shinkafa tana ba shi labarin mutanen Achida. Shekaranjiya da hantsi yara na makaranta, ina cikin ɗaki ina ninke kaya, Inna ta yi tari. Sai na ji an ce "sannu Inna", a hankali, da 'yar murya mai kaushi. Na hito ban ga kowa ba sai ita da shi. Inna ta aje faifan tana kallon shi, idonta ya kawo ruwa, ta ce "yawwa ɗan nan, sannu dai". Jiya ya yi sau uku, kuma duk bayan tari.

Sallama har yau babu.

Malama (Gwiwa):
Allahu Akbar. Tsigar jikina ta tashi. Ki ci gaba da na ƙofar, kowa ya yi sallama gabansa a amsa.

Ɗan Tantabara (Runjin Sambo):
Anti don Allah ki ɗauko muna muryar. In bayan tari kaɗai yake yi, to na janye batun rikoda.

Likita (Arkilla):
Madalla. Tsinkayen nan sabon gashi ne, akwai jini a cikinsu, kada yara su taɓa, wanka zai rage masa ƙaiƙayi. Tarin Inna kuma tun hunturu ya daɗe, a kai ta asibiti a duba ƙirjinta, a gaya wa likitan akwai aku a gidan, don garin jikinsa na iya ƙara mata, kuma akwai cutar da ake ɗauka daga tsuntsaye. Kafin nan a ɗan matsar da kejin daga tabarmarta zuwa inda iska ke fita.

Maman Sadiq (Mabera):
To Likita, gobe in sha Allah Baban Sadiq zai kai ta. Ita dai ta ce kada a kai mata shi nesa.

Baba Mai Kanari (Ƙofar Rini):
Allah shi ba Inna lahiya. Ɗiyata, in maigidanki ya yarda ina son in zo da jikokina biyu su gane shi, ni ma ban taɓa ganin irinai ido da ido ba.

Maman Sadiq (Mabera):
Baba ai gidanka na. Na gaya mishi, ya ce ran Asabar bayan la'asar shina gida, zai hiddo kejin zaure. Ku yi sallama da ƙarhi in kun iso.